Baƙin ƙarfe, istenles, jan ƙarfe ko kankare: da wanne za a killace sharar nukiliyar Gana?

Duk wanda ya tashi daga Madina Zongo ya bi hanyar Atomic ta Haatso zai iske filin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana a Kwabenya. Kwame Nkrumah ne ya aza harsashin wurin a watan Nuwamba na 1964, lokacin yankin duk daji ne. Yau gidaje sun kewaye shi, kuma cikin masu gidajen da 'yan haya akwai 'yan'uwanmu da dama. A cikin filin akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar Sin, wadda ta fara aiki a 1994 da ƙarfin kilowat 30. Akwai kuma ma'ajiyar da ake tara tsofaffin ƙwayoyi masu fitar da tururin nukiliya, waɗanda asibitoci da ma'adinai da masu aikin hanya suka gama amfani da su. Ga kuma maganar tashar lantarki ta nukiliya, da aka zaɓa wa Nsuban a Yankin Yamma, aka ajiye Obotan a Yankin Tsakiya a matsayin madadi. Ko ba daɗe ko ba jima za a kira taron jin ra'ayi, a gayyaci sarakunan Zongo da limamai da wakilan unguwanni, a ce musu mazubin da za a sa sharar zai daɗe. Burina shi ne ranar nan iyayenmu da ƙannenmu su san abin da za su tambaya.

Ra'ayina tun daga farko: babu ƙarfen da yake da tsawon rai nasa na kansa. Ƙarfe ɗaya zai iya kai shekara dubu goma a cikin yumɓun da iska ba ta shiga, ya kuma huje cikin shekara ashirin a bakin teku. Wanda ya ga kwanon rufi a Chorkor da ke bakin tekun Akra ya ga irinsa a Aboabo ta Kumasi ya san haka. Saboda haka zaɓi na gaskiya abu uku ne a haɗe: wace shara, a cikin wane mazubi, a cikin wace ƙasa.

Sharar dai ba iri ɗaya ba ce, kuma ita ke faɗin tsawon gadin da za a yi. Kowane sinadari yana da lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi, in an yi irin wannan raguwa sau goma saura kashi ɗaya cikin dubu. Iridiyam-192 da ake ɗaukar hoton walda da shi kwana 74 ne, wannan ɗaki mai kyau da kwaɗo ya ishe shi. Kobal-60, irin wanda aka yi ta gasa cutar daji da shi a asibitocin Korle Bu da Komfo Anokye, shekara 5 da 'yan watanni ne, wato bayan shekara 53 ya zama ɗaya cikin dubu. Siziyam-137 na ma'aunan ma'adinai shekara 30 ne, gadinsa ya kai shekara 300. Daga nan lissafi ya fita hannun ɗan Adam: amerisiyam-241 shekara 432, radiyam-226 na tsofaffin alluran asibiti shekara 1,600, fulutoniyam-239 da ke cikin ƙonannen makamashin tasha shekara 24,100. Abin da Gana take da shi a hannu yanzu ƙwayoyi ne ƙanana, da yawansu ba su wuce yatsa ba. Ƙonannen makamashin tasha kuwa sai an gina tashar tukuna. Kuskure ne a auna su da mudu ɗaya.

Na fara da baƙin ƙarfe, domin shi aka fi rainawa. Kowa ya san yana tsatsa. Amma injiniyoyi suna son sa ne saboda yadda yake tsatsar: a fili, ko'ina daidai, a kan ma'aunin da za a iya lissafawa. In aka binne shi a inda iskar oksijin ta ƙare, cin da ake yi masa ba ya wuce 'yan mikiromita a shekara, mikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sai a ƙara masa kauri a ba tsatsa rabonta. Tsarin Japan ya ware mazubi mai kaurin santimita 19, santimita 4 daga ciki na tsatsa ne, domin ya kai shekara 1,000. Faransa a Bure, mita 500 cikin yumɓu, da Suwizalan da ta zaɓi wurinta a arewacin ƙasar a 2022, duk baƙin ƙarfe suka dogara da shi. Akwai ma shaidar da ba a ɗakin gwaji aka samo ta ba. A 1960 an tono ƙusoshi kimanin 875,000 a Inchtuthil ta Sikotlan, waɗanda sojojin Rum suka binne wajen shekara ta 87. Na waje sun ci tsatsa sun dunƙule, sun shanye iskar, na ciki kuwa bayan kusan shekara 1,900 suna nan da kamanninsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Illarsa biyu ce. Idan yana tsatsa ba tare da oksijin ba yana fitar da iskar haidurojin, dole a yi lissafin inda za ta bi don kada ta fasa abin da aka toshe ramin da shi. Ta biyu ita ce wadda ta fi damuna a nan gida: duk yabon nan na ƙarfe mai kauri ne, ba na duron lita 200 ba, wanda kaurinsa bai fi milimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Jamus ta zuba duro kusan 126,000 a tsohon ramin haƙar gishiri na Asse tsakanin 1967 da 1978. Tun 1988 ruwa ke shiga ramin, an daɗe ana kwashe kimanin lita 12,000 a kullum, har a 2013 aka yi dokar da ta ce a kwaso sharar gaba ɗaya, aikin da zai ci shekaru da kuɗi masu yawa. Duro abin ɗauka ne da ajiyar wucin gadi. Duk wanda ya nuna mana duro mai sabon fenti ya ce shi ne kariya, bai amsa tambaya ba.

Istenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, ya bi wata hanya dabam. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, yana yi masa wata fata siririya da ido ba ya gani, in aka kankare ta sai ta sake tohowa. Muddin fatar na nan, shekara ɗari ba ta rage masa komai da za a auna da hannu. Matsalar ita ce in zai mutu ba ya sanarwa. Gishiri ne magabcinsa. Ɗigon ruwan gishiri yakan zauna a wuri guda ya huda fatar, ya yi rami kamar bakin allura, ya yi ta nutsawa ciki alhali jikin mazubin na ta ƙyalli. In kuma zafi da gishiri suka haɗu da taurin da walda ke bari a jikin ƙarfe, sai ya tsage ta bin layin waldar. Mu kuwa a Akra iskar teku muke shaƙa, ga zafi ga laima, abubuwa ukun duk sun hallara. Shi ya sa lamba take da muhimmanci. Nau'in 304, wanda ake yin tukwane da tankunan ruwa da shi, bai kai 316L jure gishiri ba, domin shi 316L an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, an kuma rage masa gawayi don kada walda ta raunana shi. Biritaniya ta daɗe tana zuba matsakaiciyar shararta a duron istenles na lita 500, amma tana lura da laima da gishirin iskar ɗakin ajiyar. Istenles da aka jingine a rumfa a buɗe kusa da teku bai fi ƙarfin tsatsa ba, kome tsadarsa.

Abin da ke ceton istenles shi ne siminti. Ruwan da ke cikin ƙofofin siminti yana da kaifi irin na ruwan toka da iyayenmu mata ke tacewa, ma'auninsa na pH yana tsakanin 12.5 da 13.5. A cikin irin wannan ruwa fatar istenles tana ƙara ƙarfi, shi kansa baƙin ƙarfe yakan yi tasa fatar ya kusa daina tsatsa. Dalilin ke nan da rodi ke daɗewa a cikin dakali. Beljiyam ma a kan wannan ta gina tsarinta: mazubin baƙin ƙarfe a tsakiya, kankare mai kauri ya rungume shi. Siminti yana kuma kama wasu sinadaran nukiliya ya hana su narkewa su bi ruwa, musamman amerisiyam da fulutoniyam. Siziyam dai ba ya kamuwa sosai, shi sai ƙarfe ya riƙe shi har ya huce.

Kankare shi kaɗai kuwa, ba na ba shi amanar dubban shekaru. Yana da ƙofofi, ruwa na ratsa shi a hankali. Iskar kabon tana cin kaifinsa daga waje zuwa ciki, ruwan ƙasa na wanke shi, gishiri na kaiwa ga rodi, rodi ya kumbura ya fasa shi daga ciki. Ana yawan kawo misalin ƙubbar Pantheon ta birnin Rum, wadda ta haura shekara 1,800 tana tsaye, sai a manta cewa ba rodi a cikinta. Inda kankare ya yi fice shi ne shara mai rauni mai gajeren rai. Faransa a Aube da Sifen a El Cabril, dukansu tun 1992, suna jera akwatunan kankare a ɗakunan kankare kusa da doron ƙasa, da alkawarin gadi na shekara 300, daidai da ran siziyam. Afirka ta Kudu ma tun 1986 take kai sharar tashar Koeberg zuwa Vaalputs a duro da mazuban kankare, amma can hamada ce, ruwan samanta bai kama ƙafar na Nsuban ba. Yankin Yamma shi ya fi ko'ina ruwa a Gana, wanda zai kwaikwayi Vaalputs a can sai ya yi bayani.

Haɗin istenles da siminti shi ne zuciyar tsarin rijiyar burtsatse, wanda aka fara ƙirƙira a Afirka ta Kudu, Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ɗauke shi, Gana da Malesiya suka kasance cikin ƙasashen farko da suka rungume shi, har aka yi binciken ƙasa a filin Kwabenya. Ana sa ƙwayar a kwanson 316L a yi masa walda a gwada ko yana yoyo. Gwajin nan wajibi ne, domin radiyam yana haifar da iskar radon da hiliyam a cikin kwanson. Sai a sa kwanson a cikin wani mazubin 316L mai tsawon kusan santimita 25, da siminti a tsakaninsu, shi ma a rufe shi da walda. A zura su ɗaya bayan ɗaya cikin rijiya mai faɗin kusan santimita 26, ana bin kowanne da kunun siminti, na sama duka bai fi kusa da doron ƙasa da mita 30 ba. A ƙarshe a cire bututun sama, a gicciya farantin ƙarfe da zai kautar da bakin injin duk wanda ya zo haƙa, a toshe a shafe alamar. Ga ƙwayoyin da muke da su, ban ga tsarin da ya fi wannan dacewa da aljihunmu da girman shararmu ba. Amma ƙarfinsa yana rataye ne a kan ruwan da ke can ƙasa. In ruwan yana da gishiri da yawa, ko yana gudu da sauri har ya wanke simintin da wuri, shekarun kwanson za su ragu ƙwarai. Ga shi kuma unguwannin da ke kewaye da Kwabenya cike suke da rijiyoyin burtsatse na gidaje. Wannan shi ne wurin da ya kamata a matsa da tambaya, ba a kan ƙyallin ƙarfen ba.

Jan ƙarfe shi ne sarkin wannan fage, kuma shi ɗalibanmu suka fi ambata. Suwidin da Finlan sun gina tsarinsu a kansa: mazubi mai tsawon kusan mita 5, fatar jan ƙarfe mai kaurin santimita 5, ƙarfen zubi a ciki don ɗaukar nauyi, a naɗe shi da yumɓun bentonayit mai kumbura in ya sha ruwa, a binne fiye da mita 400 cikin dutse. Burinsu shekara 100,000. Finlan ta haƙa ma'ajiyarta mai suna Onkalo a Olkiluoto, gwamnatin Suwidin ta amince da tata ma'ajiyar a Forsmark a Janairun 2022, aka fara gini a Janairun 2025. Hujjarsu ita ce a cikin ruwan da babu oksijin jan ƙarfe kusan ba ya canzawa, har a cikin ƙasa akan same shi tsantsa ya yi miliyoyin shekaru. Sun kuma binciki igwar tagulla ta Kronan, jirgin ruwan yaƙin Suwidin da ya nitse a 1676, suka ga ɓangaren da ya nutse a yumɓu ɗan kaɗan ya ci a cikin shekara 300.

Duk da haka ba a bar shi ba gardama. A 2007 masu bincike a kwalejin fasaha ta KTH a Stockholm, Peter Szakálos da Gunnar Hultquist da abokan aikinsu, suka ce sun ga jan ƙarfe na cinyewa ko a tsantsar ruwa mara oksijin. Kamfanin SKB, mai kula da sharar nukiliyar Suwidin, ya musanta girman abin, amma a Janairun 2018 kotun muhalli ta ƙasar ta ce sai an ƙaro hujja a kan mazubin kafin a amince. Na yaba da wannan kotu, kuma irin wannan ƙarfin hali nake fata ga Hukumar Kula da Nukiliya ta Gana da dokar 2015 ta kafa. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne magabcin jan ƙarfe farar wuta ce, wato sinadarinta da ƙwayoyin halitta ke samarwa a ruwan ƙasa, kuma bentonayit ne ke tare masa ita. In yumɓun ya zaizaye, jan ƙarfen ya rasa garkuwa. Ga tsada: kowane mazubi yana cin jan ƙarfe fiye da tan 7. Kanada, da ta zaɓi wurinta a yankin Ignace a Nuwamban 2024, ta rage abin zuwa baƙin ƙarfe da aka shafe da jan ƙarfe mai kaurin milimita 3 kawai.

A nan gida akwai wani dalili da littattafan Suwidin ba su damu da shi ba. Jan ƙarfe kuɗi ne a hannu. Duk wanda ya san kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Agbogbloshie kafin a rushe ta a 2021, ko ya san Suame Magazine, ya san yadda ake bin jan ƙarfe da dalma har inda suke. Yaran da ke tura kura suna neman tsofaffin ƙarafa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, sana'ar halal suke yi, kuma su ne na farko da za su halaka in ƙwaya ta ɓata. A Goyaniya ta Burazil a Satumban 1987, mutum biyu suka ɗauko kan wata na'urar gashin cutar daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, don su sayar da ƙarfen. Aka fasa kwanson, aka ga garin siziyam na haske shuɗi, aka rarraba wa dangi. Mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, aka sami 249 da tururin ya taɓa, aka auna mutum kusan 112,000. Kwanson nan ba tsatsa ce ta ci shi ba, da sukudireba aka huda shi. Saboda haka a cikin shekara 300 na farko na fi tsoron guduma a kan ruwan ƙasa, kuma na fi son mazubin da ba wanda zai ga ribar tono shi, a zurfin da diga ba ta kaiwa.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Gilashin borosiliket da Faransa ke narka shara a cikinsa tun 1978 yana da kyau ƙwarai, haka dutsen Synroc da Ted Ringwood ya ƙirƙira a Ostireliya a wannan shekarar, amma na ƙasashen da ke narka ƙonannen makamashi su tace shi ne, mu ba mu da wannan aiki. Gamin nikel da rumfar titaniyam an tsara su ne don tsaunin Yucca na Amurka, inda iska ke ratsa dutsen, aikin ma ya tsaya. Roba kuwa tururi mai ƙarfi yana busar da ita ta yi ta tsagewa. Bututun roba da ake sa wa rijiyar burtsatse don riƙe bango ne kawai a lokacin aiki, ba a lissafa shi cikin kariya.

Abu biyu suka rage da ke iya rusa kowane zaɓi. Na farko abin da aka zuba a ciki. A ranar 14 ga Fabrairun 2014 wani duro ya fashe a ma'ajiyar WIPP ta Amurka, mita 655 a cikin gishiri, domin an gauraya gishirin naitiret da abin tsotse laima da aka yi da alkama maimakon na yumɓu. Sai Janairun 2017 aka ci gaba da aiki. Duron lafiyarsa ƙalau, daga ciki aka kashe shi. Na biyu girgizar ƙasa. Akra ta sha ta ranar 22 ga Yunin 1939, mutum 17 suka rasu, har yanzu kuma mutanen Weija da McCarthy Hill kan ji motsi jefi-jefi. Girgiza ta fi rauni a can ƙasa fiye da a sama, ƙarfe kuma yana lanƙwasa inda kankare ke tsagewa, amma rijiyar da ta ratsa tsagin dutse mai motsi babu mazubin da zai cece ta.

To, in aka ce in zaɓa, ga inda na tsaya. Iridiyam a bar shi ya huce a ɗaki. Manyan ƙwayoyin kobal a mayar wa wanda ya sayar, a rubuta haka cikin yarjejeniya tun ranar saye. Gana ta taɓa yin irinsa a 2017, lokacin da aka mayar wa Sin tsohon makamashin tukunyar Kwabenya, wato yuraniyam mai yawan tacewa, aka sa mai ƙarancin tacewa. Siziyam da amerisiyam da radiyam su shiga 316L mai walda, cikin siminti, cikin rijiya mai zurfi, kuma kada su daɗe suna jira a iskar teku. Safar hannu da tsummoki da matatun tasha, in tashar ta zo, su shiga akwatin kankare a tudun da ruwa ba ya kwanciya. Ƙonannen makamashi kuwa kada kowa ya sayar mana da jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe tun ba a san dutsen ba: in yumɓu ne mai kauri, baƙin ƙarfe ya isa kuma ya fi sauƙi, in dutse ne mai tsage-tsage da ruwa ke bi, sai jan ƙarfe da bentonayit.

A wurin taro kuwa, ranka ya daɗe Sarkin Zongo ko Malam Liman ko Hajiya shugabar mata, kada a tsaya a kan "shekara nawa zai yi". A nemi lambar istenles ɗin da sakamakon gwajin waldarsa. A nemi a karanta yawan gishiri da farar wuta na ruwan da aka ɗebo a zurfin da za a binne, da inda ruwan ya nufa, da tazarar rijiyar gida mafi kusa. A tambayi abin da lissafinsu ya nuna zai kai ga ruwan sha in kwanson ya huje tun a shekara ta ɗari, ba a shekara ta dubu goma ba. A kuma nemi a sa na'urar auna tururi a manyan wuraren awon tsofaffin ƙarafa na Akra da Tema da Kumasi, a koya wa yaran alamar nan mai fuka-fuki uku a kan rawaya, da lambar da za su kira in sun gan ta a jikin wani ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa.